Yadda ake matsa lamba a foka mai iyaka, da inda ta saɓa wa mara iyaka

A gidajen caca na Las Vegas ana buga Texas hold'em, wani nau'in wasan karta na foka, iri biyu: mai iyaka da mara iyaka. Kartar ɗaya ce, dokar zubi ce ta bambanta. Mara iyaka ita ce ta mamaye fagen tun da Chris Moneymaker ya lashe babbar gasar duniya a 2003, shi ya sa yawancin masu zama a teburin mai iyaka suke zuwa da ɗabi'un da ba na wurin ba. A mara iyaka, zafin wasa yana cikin girman zubi. A mai iyaka kuwa yana cikin yawan zubi da zaɓen lokacinsa.

Ɗauki teburin dala 2 da 4. Kowa yana riƙe da karta biyu, ana kuma buɗe biyar a tsakiya da kowa ke haɗawa da nasa. Kafin a buɗe ukun farko na tsakiya, da kuma bayan an buɗe su, kowane zubi ko ƙari dala 2 ne cif. A karta ta huɗu da ta biyar ya koma dala 4. Yawancin gidaje suna tsayar da zagaye a zubi ɗaya da ƙari uku. Duk lissafin da ke tafe daga nan ya samo asali.

Fara da burga, domin nan ne kuɗi ya fi zurarewa. A ce tulin tsakiya dala 40 ne a karta ta biyar, kai kuma ba ka da komai. Ka zuba 4. Burgarka tana bukatar cin nasara sau ɗaya kawai cikin 11 ta mayar da kuɗinta, abin da ke da daɗin ji. Amma duba ta ɓangaren abokin karawarka: zai biya 4 don ya ci 44, ke nan ko sau ɗaya cikin 12 ya yi daidai bai yi asara ba. Don haka zai bi ka da kowace tagwayen karta, wani lokaci ma da As tsura. A mara iyaka, idan ka zuba 40 a kan tulin 40, sai ya yi daidai sau ɗaya cikin uku kafin binka ya biya shi, kuma zai ajiye hannuwa da yawa. A mai iyaka ka taƙaita burga ga mutum ɗaya, wanda ka ga alamar yana jiran karta ce ba ta zo ba. Burga a kan mutum uku zubar da kuɗi ne.

Wannan yawan bin da ake yi shi ne kuma abincinka. Tunda ba sa ajiyewa, ka riƙa zubawa da hannu matsakaici. Ƙa'idar a karta ta biyar ita ce: idan za ka ci fiye da rabin lokutan da aka bi ka, zuba. Kana da Sarki biyu da mataimakiya (kartar da ke raba gardama) mai rauni, an wuce maka, wato abokin karawarka bai zuba ba, to zuba 4 ɗin. Ko an yi maka kwanton ɓauna aka ƙara, wata 4 ce kawai za ta tafi. A mara iyaka irin wannan zubin yana buɗe ƙofar a turo maka duk kuɗin gaba, ka rasa ko bi za ka yi ko ajiyewa. Ɗan wasan da ya saba da can yakan wuce a nan saboda tsoro, yana barin dala huɗu-huɗu a tebur dare guda. A ganina wannan ne kuskure mafi tsada a wasan, kuma ba a jin zafinsa shi ya sa ba a gyara shi.

Kare hannu ya fi wuya. A mara iyaka, mai jiran fulash (karta biyar masu alama ɗaya) a karta ta huɗu yana da karta 9 cikin 46 da za su cika masa, kusan 4 da 1 a kansa. Ka zuba 40 a kan tulin 60, zai biya 40 don ya ci 100, farashin bai kai ba. A mai iyaka ba ka da wannan sandar, sai dai ka ari zubin wani. A ce mutum biyar sun shiga da zubi biyu-biyu, tuli ya zama 20. Na damanka ya zuba 2. Idan bi kawai ka yi, na bayanka mai jiran ɗaya daga cikin karta 4 don cika jeri (karta biyar masu bin juna) zai biya 2 don ya ci 24, wato 12 da 1, alhali kusan 11 da 1 yake bukata, ka ga binsa daidai ne. Idan ka ƙara zuwa 4, zai biya 4 don ya ci 26, wato 6 da rabi da 1, ya zama kuskure. Wurin zama ne ke yanke hukunci: in mai zubin yana hagunka, ƙarinka ba ya korar kowa, domin duk sun riga sun saka 2, ƙarin 2 ba zai dame su ba. In kai ne farkon magana kuma kana tsammanin na ƙarshe zai zuba, wuce, ka jira shi, sannan ka ƙara.

Akwai kuma ƙari da hannun da bai cika ba. Mai karta huɗu masu alama ɗaya bayan buɗin farko yana cika fulash kusan kashi 35 cikin ɗari kafin ƙarshe. Idan mutum uku za su bi ka, kashi 25 na kuɗin zagayen kake sakawa, rabonka kuma ya fi haka, don haka ƙara har a kai iyaka, musamman in As ɗin alamar yana hannunka. Idan kai ne na ƙarshen magana, ƙarin yana sayo maka karta kyauta: ka biya 4 yanzu, a wuce maka a ta huɗu, kai ma ka wuce in ba ta zo ba. Bi sau biyu da ya ci maka 6. Dabarar tana lalacewa a hannun mai zafin kai, wanda zai sake ƙarawa ya kuma zuba a ta huɗu, ka tashi da biyan 10. Gwada ta a kan masu sanyin wasa kawai.

Kafin buɗin farko, in kai ne farkon shiga, shiga da ƙari. Ƙananan tagwaye kamar biyar-biyar suna zama uku kusan sau ɗaya cikin takwas da rabi. A mara iyaka wannan sau ɗayan zai iya kwashe maka duk kuɗin gaban mutum. A mai iyaka 'yan zubi kaɗan za ka samu, saboda haka kada ka biya zubi biyu da su sai mutum huɗu ko biyar sun riga ka shiga.