Yadda za ka riƙe kare mai kazar-kazar a Kano ba rama ba teɓa

Kuskuren ciyar da kare a garin nan iri biyu ne. Akwai karen gida da aka bar wa gadi, abincinsa ƙanzo da ragowar tuwo, ran da aka cinye tukunya ya kwana da yunwa. Akwai kuma karen waje, Alseshan ko Rotwaila ko Bowabul, da aka saya da tsada aka kulle a keji a Nassarawa ko Bompai, ana cika masa kwano duk lokacin da ya yi haushi. Mai na farko cewa yake yunwa ce ke sa kare zafi, mai na biyu kuma yana ganin girman jiki ne ke tsorata ɓarawo. Ramammen kare ba ya jure zagayen dare, mai teɓa kuwa kafin ya kai bakin get ya fara haki. Abin da ke raba gardama shi ne hannunka da sikeli, domin ido yana ruɗi, musamman a kan kare mai yawan gashi.

Fara da hannu

Tsayar da karen, ka ɗora tafukanka biyu a gefen ƙirjinsa, ka shafa daga kafaɗa zuwa baya ba tare da ka danna ba. Ga ma'aunin da kake tafe da shi kullum: miƙe yatsun hannunka na hagu, ka shafa bayansa da na dama. Yadda kake jin ƙasusuwan nan a ƙarƙashin fata, ana jin su amma ba su yi tsini ba, haka haƙarƙarin lafiyayyen kare yake. In ya yi kamar gaɓoɓin hannun da aka dunƙule, ya rame. In ya yi kamar tudun tafin hannu, sai ka danna kafin ka ji ƙashi, kitse ya yi yawa.

Daga nan ka tsaya a kansa ka dubi bayansa. Ya kamata jikin ya ɗan tsuke bayan haƙarƙari kafin ya sake buɗewa a ƙugu. Ka tsuguna ka dube shi ta gefe: cikin ya ɗage sama wajen ƙafafun baya, kada ya yi layi ɗaya da ƙirji. Likitocin dabbobi suna ba wannan duba maki daga 1 zuwa 9. Maki 4 da 5 su ne daidai, kuma duk maki ɗaya da ya ɗaru a kan 5 yana nufin kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin da ya wuce kima. Karen farauta ko mai yawan gudu ya fi dacewa da 4, har a ɗan hango haƙarƙarin ƙarshe idan ya juya. Maƙwabta za su ce ba ka ba shi abinci, kada wannan ya dame ka.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya bi karnuka 48 na irin da ake kira Labrado tun suna kwikwiyo har mutuwarsu. Rabinsu an rage musu kashi 25 cikin 100 na abincin da 'yan'uwansu ke ci, kuma su ne suka fi tsawon rai da kusan shekara biyu, ciwon gaɓoɓi ma bai kama su da wuri ba.

Awo kuwa sau biyu a wata ya isa, da safe kafin ya ci. Hau sikelin gida kai kaɗai, ka sake hawa ɗauke da karen, ka debe na farko daga na biyu, ka rubuta. Wanda ya fi ƙarfin ɗauka sai a auna shi a asibitin dabbobi duk ranar da aka je allura.

Nawa zai ci

Ƙarfin abinci da kalori ake lissafa shi. Baligin kare mai kilo 15 da ke yawo daidai gwargwado yana buƙatar kalori 850 zuwa 950 a rana. Mai kilo 20, wajen 1,050 zuwa 1,200. Mai kilo 30, wajen 1,450 zuwa 1,600. Lura cewa buƙatar ba ta ninkuwa daidai da nauyi, shi ya sa masu manyan karnuka suka fi zarce kima. Karen da ke wuni a daji da mafarauta a lokacin rani zai iya buƙatar ninki ɗaya da rabi ko biyu na wannan, amma a kwanakin aikin kawai. Da damina ta sauka aka ajiye farauta, sai kwanon ya koma yadda yake. Wanda aka yi wa fiɗiya, ko karyar da aka cire wa mahaifa, a rage masa kusan kashi ɗaya cikin biyar. Karya mai shayarwa ita ce aka yarda ta ci iya cinta, domin buƙatarta kan ninka sau biyu ko uku.

Busasshen abincin kanti yawanci yana da kalori 350 zuwa 400 a kowane giram 100, kuma a rubuce yake a jikin buhun. Ke nan kare mai kilo 20 zai ci wajen giram 300 zuwa 330 a rana. Auna shi sau ɗaya a sikelin kicin, ka zuba a gwangwani ko kofin roba, ka ja layi a inda ya tsaya, ka nuna wa duk wanda ke ba karen abinci. Galibi ba maigida ke ciyarwa ba, maigadi ne ko yaran gida, kuma kowa da girman hannunsa. Jadawalin da ke bayan buhu mafari ne kawai, sau da yawa yana yi wa karen keji yawa. Buhun a zuba shi a bokiti mai murfi a ajiye a inuwa, don zafin Kano yana sa mansa ya yi ɗoyi da wuri.

Yawancin mutane dafawa suke yi, kuma ba laifi in an haɗa daidai. Ga abincin rana guda na kare mai kilo 20 mai yawan motsi, kusan kalori 1,200:

Dafaffiyar shinkafa ko tuwon masara giram 400. Dafaffen nama, tumbi, zuciya ko kifin da aka cire wa ƙaya giram 250. Dafaffen ƙwai ɗaya. Dafaffiyar kabewa ko karas giram 100. Man gyaɗa babban cokali ɗaya. Garin ɓawon ƙwai ɗan ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya.

Garin ɓawon ƙwan nan shi ake yawan tsallakewa, alhali nama da hatsi ba su da isasshen sinadarin ƙashi. A wanke ɓawon, a tafasa, a shanya, a daka shi lukui. Kwikwiyon manyan karnuka kuwa kada a yi masa wannan haɗi da ka, domin ƙaranci da yawan sinadarin duka suna lanƙwasa ƙafa. Likita ya tsara masa. Kayan ciki sun fi araha a Abbatuwa da sassafe, amma a dafa su sosai, don ɗanyen kayan ciki hanyar tsutsa ce. Hanta kaɗan ake sawa, ɗan yanki sau biyu a mako. In ta yi yawa tana sa zawo, a daɗe kuma ta yi lahani. Masara ko ƙuliƙulin da ya yi fumfuna a zubar, ko da an samo shi da arha: gubar da ke cikinsa tana lalata hantar kare, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Raba abincin gida biyu, safe da dare. Kwikwiyo sau huɗu har wata uku, sau uku har wata shida. Ajiye kwano minti 15 zuwa 20, abin da ya rage a ɗauke, don a zafinmu dafaffen abinci ba ya jimawa bai lalace ba. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji irin Alseshan kada a cika musu ciki lokaci guda sannan a sake su gudu. A bar aƙalla awa ɗaya tsakani. Tumbinsu yana iya kumbura ya murɗe. Alamarsa ciki ya yi tauri, kare yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, yana dalala, ya kasa zama. Wannan ba ya jiran gari ya waye.

Ragowar abincin gida ita ce babbar matsala, ba don tuwon ba, don miyar. Albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ko dafaffe. Ga gishiri, ga dunƙule, ga yaji. Goro, kofi, cakulan, inabi da zabibi duk guba ne gare shi. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya huda hanji. Lokacin Babbar Sallah ne aka fi yin ɓarna: kowa ya wuce ya jefa masa kitse da guntun soye, washegari sai amai da ciwon ciki mai tsanani, domin kitse mai yawa lokaci guda yana kumbura gaɓar da ke samar da ruwan narkar da abinci. Duk wani ɗan lashe-lashe na tsakanin abinci kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da yake ci a rana, kuma a debe shi daga kwanon dare.

Ruwa mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo a rana, wato lita ɗaya da ɗoriya ga mai kilo 20. Daga Maris zuwa Mayu zai iya shan ninkin haka. Kwanonsa na ci da na sha su zama nasa shi kaɗai, daban da na gida, a wanke kullum.

Motsa jiki da zafin gari

Sakin kare a tsakar gida da dare ba motsa jiki ba ne. Zai zagaya sau biyu ya kwanta a bakin get. Baligin kare mai kazar-kazar yana son awa ɗaya zuwa biyu a rana, a raba gida biyu: tafiya mai sauri da igiya a wuya bayan sallar asuba, sai wata bayan magariba. A haɗa da minti 10 zuwa 15 na jefa ƙwallo ko jan igiya. A bi hanyar da ba cunkoso, a riƙe shi gajere kusa da masallaci, makarantar allo da garken awaki. Mutane da yawa ba sa son kare ya taɓa musu tufa, kuma haƙƙinsu ne.

A bazara zafin Kano yana haura digiri 40, kare kuma ba ya gumi sai kaɗan a tafin ƙafa; da haki yake fitar da zafi. Kafin fita ɗora bayan hannunka a kwalta ka ƙirga bakwai. In ba ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa zai ƙone. Kejin da aka rufa da kwano ba rufi a ƙasa, a tsakiyar rana, ya kashe karnuka masu gashi da yawa. A sa shi ƙarƙashin bishiya ko a shimfiɗa zana a kan kwanon, iska ta riƙa ratsawa ta gefe biyu. In ka ga haki ba tsayawa, harshe ya yi ja wur, yawu mai kauri, yana tangaɗi, to zafi ya buge shi. Kai shi inuwa, kwarara masa ruwa mai sanyi a wuya, ciki da cinyoyi, a yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan in yana iya sha, a wuce asibiti ko da ya farfaɗo. Kare mai teɓa shi ya fi saurin faɗawa wannan hali.

In ya riga ya yi ƙiba, ko ya ƙi yin jiki

Rage kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na abincin, daga hatsi da mai, a bar naman yadda yake don kada tsoka ta zube. Cike gurbin da kabewa. Abin da ake nema shi ne ya sauke kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a mako. Mai kilo 40 ke nan giram 400 zuwa 800. Bayan mako biyu in sikeli bai motsa ba, kafin ka ƙara ragewa ka bincika wa ke ba shi abinci a ɓoye. Tafiya a fara da minti 15 sau biyu, a riƙa ƙara minti 5 duk mako. Duk canjin abinci a yi shi cikin kwana bakwai, ana cakuɗa sabo da tsoho.

Ba kowane babban ciki ne teɓa ba. Kwikwiyo mai tulun ciki da ƙasusuwa a waje tsutsa ce. Karyar da cikinta ya kumbura makonni kaɗan bayan ta gama jinin neman namiji, tana yawan shan ruwa, tana iya zama ciki ne ko kuma mahaifa ce ta tara mugunya, wanda aikin gaggawa ne. Wanda ke ci yana ramewa kuma, ɗaga leɓensa ka dubi dasashi. In ya yi fari, zargi kaska ko tsutsa, domin cututtukan da kaska ke ɗauke da su suna shanye jini, kuma da damina suka fi yawa. Duba cikin kunne, tsakanin yatsu da wuya kullum. Maganin tsutsa ana ba kwikwiyo duk mako biyu har wata uku, duk wata har wata shida, daga nan duk wata uku, gwargwadon nauyinsa, wanda shi ma dalili ne na yin awo. Kada a wanke kare da fiya-fiya ko maganin feshin gona don kashe kaska, yana shiga ta fata ya kashe shi. Farasitamol da ibufurofen na mutane ma kada a ba shi.

Allurar haɗaka ta cututtukan kwikwiyo, har da mai sa zawon jini, ana farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako uku ko huɗu har ya kai mako 16. Ta haukan kare a wata uku, sannan duk shekara, a asibitin dabbobi na gwamnati irin na Gwale da Kundila ko wajen likita mai rajista, a karɓi katin shaida a adana. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a kai mutumin asibiti a ranar, karen kuma a killace shi kwana goma likitan dabbobi yana duba shi.