Ƙera sulken Ingila na ƙarni na 15: tela ne farko, maƙeri daga baya

Sulken ƙirji na farko da na ƙera yana rataye a garejina har yau, bai taɓa zuwa fili ba. Wata biyu na yi ina bugunsa, ya fito sumul. Ranar gwaji na sunkuya zan ɗaura takalmi, bakinsa na ƙasa ya toke ni a mara, na sama ya shaƙe ni a maƙogwaro. Wani dattijo a ƙungiyarmu ya ce in nuna masa rigar da zan sa a ciki. Na ce ban ɗinka ba tukuna. Ya ce to, a jikin wa na auna ƙarfen?

Ni ɗan gidan maƙera ne, walda nake yi a tsakiyar Ingila, kuma ta nan na faɗa cikin masu kwaikwayon yaƙin basasar da aka yi tsakanin gidan York da gidan Lancaster daga 1455 zuwa 1487. Duk watan Yuli ana taruwa a Tewkesbury a maimaita gumurzun 1471. A ƙasar Hausa sulke shi ne na zobba, amma a nan har da na fallen ƙarfe nake nufi.

Kafin ka taɓa guduma, tsayar da shekara da mutum. "Zamanin da" ba amsa ba ce. Kayan da aka sa a yaƙin Agincourt a 1415 daban suke da na yaƙin Bosworth a 1485, shekara 70 ce tsakani. In ka haɗa kwalkwalin wancan da hannun wannan, kamar ka sa babbar riga da wandon ƙwallo ne, masu ido za su gani tun daga nesa. Kar kuma ka raina matsayin ƙaramin soja. Wani Ba'italiye, Dominic Mancini, da ya ga sojojin Ingila a Landan a 1483, ya ce yawancinsu kwalkwali ne da baka da riga mai kauri da aka cusa wa zare. Lifidi ke nan, irin na mahayan sarki a hawan salla. Shi ya fi araha, kuma tarihi ne tsantsa.

In ka nace sai cikakken sulke, ga matsalar: na Ingila na wannan zamani kusan duk ya salwanta. Abin da ke gidajen tarihi na Royal Armouries a Leeds da Wallace Collection a Landan yawanci na Italiya ne da Jamus. Maƙerar Greenwich da ake yawan ambata sai zamanin Sarki Henry na 8, a ƙarni na 16, aka kafa ta, ta yi maka latti. Abin dogaro shi ne mutum-mutumin da aka sassaƙa a kan kaburburan manya cikin coci-coci, da wani farin dutse mai taushi, alabasta, da ake haƙowa a Derbyshire. Masu sassaƙar nan ba su bar komai ba, har kan ƙusa da maɗaurin fata. Ni na Ralph Fitzherbert na bi, wanda ya mutu a 1483, yana cocin ƙauyen Norbury. Na wuni a durƙushe ina ɗaukar hoton hamatarsa da bayan gwiwarsa, mai sharar cocin tana ta kallona. Hattara da abu biyu. Na Richard Beauchamp a Warwick ya fi kowanne suna, amma sulken jikinsa ƙirar Milan ta Italiya ne. Sannan shi ya mutu a 1439, ba a yi siffar ba sai wajen 1450, don haka shekarar mutuwa ba ita ce shekarar kaya ba.

In ka jera su za ka ga halin ƙirar. Manyan Ingila sukan sauka daga doki su yi faɗa a ƙasa, shi ya sa kafaɗun biyu sukan zo kusan daidai, ba kamar na Italiya mai ƙatuwar kafaɗar hagu ba, labulen ƙarfe na ƙugu kuma ya sauko ya rufe cinya sosai.

Yanzu rigar ciki, wadda na tsallake na sha wuya. Akwai wani rubutun hannu na Ingila na wajen 1450 da ya bayyana yadda ake ɗaura wa mutum sulke don faɗan ƙasa. Ya ce riga mai ƙarfi da shafi mai santsi, a ɗinka guntayen sulken zobba inda ƙarfe bai rufe ba, kamar hamata, igiyoyin ɗauri kuma su zama irin zaren tsirkiyar baka, a goga musu kakin dukawa don kada su saki. Har da ƙyallen bargo a naɗe gwiwa saboda gurza. Ka samu lilin mai ƙarfi, ninki uku ko huɗu ya isa. Ba lifidi kake ɗinkawa ba, in ta yi kauri ƙarfen zai zauna nesa da jiki ka koma kamar tulu. Ta kama ƙugu tsam, don a jikinta ake rataya sulken cinya da na hannu. Cikakken sulke kilo 20 zuwa 25 ne, kuma in ƙugu ya ɗauki rabonsa za ka yi gudu da shi. In duka ya koma kafaɗa, kafin azahar ka gama yawo.

Sai ka sa rigar a auna ka a cikinta. Sulken ƙirji yana tsayawa ne a ƙasan haƙarƙarin ƙarshe, wajen cibiya, ba inda kake ɗaura bel ba. Nawa na farko ya zarce da faɗin yatsa huɗu, shi ke nan abin da ya kashe shi. Yanka komai da kwali tukuna, ka manna, ka sa, ka ɗaga hannu, ka tsuguna. Kwali ba ya kuka in ka jefar.

Ga mai koyo, baƙin ƙarfe mai taushi ya fi: milimita 1.2 zuwa 1.5 a hannu da ƙafa, wajen 2 a ƙirji da kwalkwali. Na asali ba kauri ɗaya gare su ba, tsakiyar ƙirji ta fi, gefe ya sirance. In hannu ya faɗa sai ka koma ƙarfe irin na sifirin, wanda ake gasawa ya yi ja, a tsoma a mai, a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya tsage. Da shi za ka rage kauri da nauyi. Ƙarfen da ba ya tsatsa da alminiyom kuwa ka bar wa masu tukunya, ƙyallinsu ma yana tona asiri.

Kayan aiki ba su da yawa: kututture da aka fafe kamar ƙaramin turmi, guduma mai zagayayyen kai, wata mai fuska sumul, dunƙulen ƙarfe da aka kafa a kan sanda, magagari, almakashin ƙarfe. Fara da ƙananan fallayen kafaɗa, su ne makaranta. Ɗora fallen a bakin ramin, ka buga daga gefe kana zagayawa zuwa tsakiya. Wannan yana miƙa ƙarfen, wato yana sirantar da shi daidai inda sara zai sauka. Don haka wurare masu zurfi, gwiwa da gwiwar hannu da kwalkwali, daga waje ake bugunsu a kan dunƙulen, ana tattaro ƙarfen layi-layi, ana gasa shi in ya yi taurin kai. Bayan siffa ta fito sai ƙananan bugu, ɗaya na hawa ɗaya, har ƙurajen su kwanta. Nan ne haƙuri yake ƙarewa, maƙwabta ma nasu ya ƙare. Sa abin toshe kunne, ka daina bugu da magariba.

Gaɓoɓi su ne sirrin. Kada ka dandaƙe ƙusa ko ɗaya sai ka haɗa da ƙananan noti ka lanƙwasa sau hamsin. Rami ya kauce da milimita biyu, gwiwa ta cije ko ta buɗe baki. Wasu fallayen a kan fata suke tafiya ta ciki, wasu a kan ƙusa mai zamewa cikin dogon rami. Fatar ta zama jimar gargajiya. Mutanen Ingila na da da ɓawon itacen oak suke yi, irin yadda majemanmu ke yi da bagaruwa. Bakin wuya da na hamata a naɗe su kamar kalmasa. Walda sana'ata ce, amma ba na barin ta ta fito a ido. Sulken zobba kuma ka nemi wanda kowane zobe aka ƙulle shi da 'yar ƙusa, kamar tsofaffin da ke gidajen sarauta a gida. Wanda aka matse baki da baki kawai yana zubewa.

Kwalkwali ne kaɗai zan ce ka saya a wurin gwani har sai ka ƙware, domin takobi ko ba kaifi yana fasa kai. Samfurin da za ka kwatanta da shi yana gidan tarihi na Herbert a Coventry, na wajen 1460. A ciki a sa lilin da aka cusa wa ulu, a ɗinke a jikin fatar da ke zagaye da baki, ba soson katifa ba.

Bayan kowane wasa goge gumi da ruwan sama a daren, ka shafa mai. Na taɓa barin nawa a but ɗin mota kwana uku, ya fito ja kamar ƙasar Kano. Abin da ya rage mini yanzu shi ne sulken ƙwauri, wanda dole ya bi tudun sha-raɓa ya matse a idon sawu. Na zuba siffar ƙafata da filasta ina gwadawa a kai. Na dama ya zauna, na hagu kuwa wannan ne karo na uku.