Kurakuran da aka fi yi idan dabba ta bugu a ciki

Idan sa ya soki ɗan'uwansa da ƙaho a mashaya, ko mota ta banke tunkiya a hanyar kasuwar Wudil, fata mai dabba yake fara dubawa, kuma da zarar bai ga jini ba sai hankalinsa ya kwanta. A ganina babu kuskuren da ya fi wannan cin dabbobi, domin fatar saniya tana jure dukan da zai fasa saifa ko hanta, jini ya yi ta tsiyaya cikin ciki ba tare da ɗigo ɗaya ya fito waje ba. Abin dubawa shi ne dasashi da cikin fatar ido. Idan sun yi fari fat, kunnuwa sun yi sanyi, numfashi yana sauri, to a bar dabbar a inuwa, kada a kora ta kiwo, a nemo likitan dabbobi nan take.

Ɗura ma ta yi ɓarna da yawa. Dabbar da ta galabaita ba ta iya haɗiya sosai, saboda haka ruwan kanwa ko manjan da aka ɗura mata yakan bi ta huhu, in kuwa hanji ya fashe, cikin ciki zai malale ya ƙara ruɓa. Idan hanjin ya fito waje, a rufe shi da tsabtataccen ƙyalle da aka jiƙa da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri bayan ya huce, kada a tura shi da hannu ko a barbaɗa toka.

Ba duka kaɗai ke fasa kayan ciki ba. Masu kiwata ragon layya da dusa zalla su kula ƙwarai, domin dusa tana haifar da tsakuwar da ke toshe hanyar fitsari. Ragon zai yi ta yunƙuri yana miƙa, sai kwatsam ya natsu, maigida ya ce sauƙi ya samu, alhali mafitsara ce ta fashe. Cikin kwana ɗaya ko biyu ciki zai zazzago ƙasa cike da fitsari. Wasu sukan ɗauka kumburin iska ne su huda shi, amma kumburin iska ta gefen hagu yake tasowa, kuma idan an buga yana amsawa kamar ganga.

Dabbar da ta faɗi farat ɗaya kuwa, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta da sunan neman inda ta bugu. Wannan alamar ciwon saifa ce (wato anthrax a Turance), cutar da aka tabbatar da ɓullarta a Suleja a watan Yulin 2023, kuma tana kama mutum. A sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, a hana yara da karnuka zuwa kusa da gawar.