Yadda ake gane mazaunin kifin teku daga siffar jikinsa

Duk ɗalibin da na miƙa wa hoton kifi, launi yake fara kallo. Bar launi tukuna. Wurin zama ne ya sassaƙa jikin kifi a tsawon miliyoyin shekaru: wanda siffarsa ta dace da wurin ya rayu ya hayayyafa, 'ya'yansa suka gaje shi.

Da farko ka nemi hoto biyu, ɗaya ta gefe, ɗaya ta gaba. Ba sai ka sayi manyan littattafai ba, na intanet sun wadatar. Hoto ɗaya kam ban yarda da shi ba.

Daga nan dubi gangar jiki da wutsiya tare. Kauri a tsakiya, tsini gaba da baya, wutsiya kamar jinjirin wata, wannan na sararin teku ne, irin tuna mai doguwar tafiya. Wanda ke da faɗi ta gefe amma siriri ta gaba, na cikin duwatsun murjani na ƙarƙashin teku ne, inda iya juyi a lungu ya fi gudu amfani. Dogo kamar maciji kuwa ramukan duwatsu ne gidansa.

Inda masu koyo ke tuntuɓe shi ne kifaye masu shimfiɗaɗɗen jiki da ke kwance a yashin ƙasan teku. Ni ma na daɗe ina ɗaukar su dangi ɗaya, alhali iri biyu ne: rei da fulanda. Kifin rei a kan cikinsa yake kwance. Juya shi za ka ga baki da tsagogin numfashi a ƙasa. Fulanda kuwa a kan gefensa yake kwance. Ana ƙyanƙyashe shi da ido ɗaya a kowane gefe, yana girma ido ɗaya ya bi ta saman kai ya koma kusa da ɗan'uwansa. Duba bakinsa da kyau, a karkace yake. A 2008 wani masanin burbushin halittun da, mai suna Matt Friedman, ya nuna burbushin wasu kifaye na shekara kusan miliyan 50 da suka wuce, idonsu ya tsaya a rabin hanya. Rei ɗan'uwan shak ne, kifin nan mai farauta a teku, guringuntsi gare shi, fulanda kuma mai ƙashi ne. Yashin ne ya sa suka yi kama.

Saura baki. Wanda bakinsa ke kallon sama, galibi a saman ruwa yake ci, wanda nasa ke kallon ƙasa kuma a gindin teku. In ka ga ƙaton baki, dogayen haƙora da jiki mai laushi, gidansa can zurfin da ya wuce mita 1,000, inda hasken rana ba ya kaiwa, abinci kuma sai an dace.