Kurakuran da aka fi yi wajen sayen na'urar ajiye lambobi da alƙawura mai araha

Kawuna ya fi shekara ashirin yana sayen albasa a Galmi yana ɗorawa zuwa Yamai, kuma a da can yana da wata ƴar na'ura mai buɗewa kamar littafi, wadda ba ta fi tafin hannu ba. A cikinta ya zuba sunayen manoma da dillalai da direbobi, da lambar kowa, da buhunan da ya ba da bashi, da ranar da aka yi alƙawarin biya. Wata rana rubutun ya soma dusashewa, sai ya miƙa wa wani yaro a bakin kasuwar Tawa ya canza mata batir. Yaron ya kwance murfin baya, ya ga batura biyu, ya zare su duka a lokaci ɗaya, ya tafi neman sababbi. Ina tsaye a wurin lokacin da ya dawo ya kunna ta ya ce, “Baba, ai babu komai a ciki.” Kawu ya karɓa yana juya ta a hannu, ya ce, “Ɗana, sake dubawa da kyau.” An sake dubawa har sau uku, ba a ga ko suna ɗaya ba. Makonni ya yi yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana tambayar abin da ke tsakaninsu, masu tsoron Allah suka faɗi gaskiya, wasu kuma suka ce sun manta.

Tun daga ranar na fahimci cewa kuskuren da ya fi kowanne girma shi ne mai saye ya zuba ido a kan na'urar, ya manta da abin da zai ajiye a cikinta. Na'ura za ta lalace, ko ta faɗi daga kan kabu-kabu, ko a sace ta a cunkoson kasuwa, kuma ana iya sayen wata. Sunaye da bashi da alƙawuran shekara biyar kuwa ba a sayar da su a kanti. Saboda haka tambayar da ya kamata a fara yi wa mai shago ita ce, ta wace hanya zan fitar da abin da na rubuta idan wannan ta mutu? Idan ba shi da amsa, arahar ba ta da amfani.

Irin waɗannan na'urori sun daɗe. Kamfanin Psion na Ingila ya fitar da tasa a 1984, Palm ta Amurka ta fito a 1996 tana aiki da ƙananan batura biyu, kuma Casio da Sharp sun ƙera masu araha da yawa waɗanda suka bazu a kasuwanni. Da yawa daga cikinsu suna riƙe rubutu ne muddin akwai wuta a jikinsu, shi ya sa ake sa musu batir na aiki da wani ƙarami na tsaro, kuma dokarsu ita ce a canza ɗaya, a mayar, sannan a taɓa ɗayan. Wanda har yanzu yake da irinta a gida ya kiyaye wannan doka, kuma ya kwafe abin da ke ciki a takarda tun kafin rubutun ya soma dusashewa. Amma ban ga dalilin da zai sa a sayi irinta yau daga kayan gwanjo ba, komai arahar ta, domin igiyoyin haɗa ta da kwamfuta da manhajojinta sun yi wuyar samu. Haka tsofaffin wayoyin BlackBerry, waɗanda maɓallansu ke da daɗin rubutu: kamfanin ya rufe hidimarsu a watan Janairun 2022. Aikin ajiye lambobi da kalanda da ƙananan rubuce-rubuce ya koma cikin wayar salula, don haka a yau zaɓin yana tsakanin ƙaramar waya mai maɓalli da wayar Android mai sauƙin kuɗi.

A nan ne kuskure na biyu yake shigowa, wato zuwa kasuwa ba tare da mutum ya tantance abin da yake so na'urar ta yi masa ba. Telan da ke karɓar ɗinkin sallah yana bukatar wurin rubuta awon kowane mutum da ranar karɓa, da ƙararrawar da za ta tuna masa kwana biyu kafin ranar. Uwar adashi tana bukatar jerin sunaye da jadawalin wanda zai kwasa. Malamin lakkol yana bukatar kalanda mai maimaita darussa kowane mako. Dattijon da bukatarsa ba ta wuce lambobi ɗari da ƙararrawar asuba da ta shan magani ba, ƙaramar waya mai maɓalli ta ishe shi, batirinta yana kwanaki, kuma ba ya fargabar fashewar gilashi. Gyaran wannan kuskure ba ya cin ko dala: a zauna da takarda a rubuta abubuwa uku ko huɗu da za a riƙa yi kullum, a tafi da takardar, a gwada kowanne a gaban mai shago kafin a zaro kuɗi. Wanda bai yi haka ba, yawan idanun kyamara da ƙyallin baya ne za su yi masa zaɓi.

Zan daɗe a kan batun inda lambobi suke zama, domin nan ne na fi ganin mutane suna kuka. Mutane da yawa suna ajiye lambobinsu a cikin layi, suna ganin ya fi aminci tunda ana iya cire shi a sa a wata waya. Layi kuwa yawanci ba ya ɗaukar fiye da suna 250, kowane suna da lamba ɗaya tak, kuma yana datse dogon suna, ta yadda “Alhaji mai albasa na Galmi” zai koma rabi, ba za a iya bambanta shi da wani Alhajin ba. Idan aka sace wayar, kamfanin sadarwa zai iya mayar wa mutum da lambarsa a sabon layi, amma sunayen da ke cikin tsohon sun tafi. Ajiyewa a cikin wayar kanta ma haka ne, suna mutuwa tare da ita. A wayar Android, gyaran shi ne a sa lambobi da kalanda su zauna a cikin asusun Google, wanda ke ba da wurin ajiya na giga 15 kyauta, sannan a riƙa buɗe intanet lokaci zuwa lokaci don sababbin sunaye su hau. A ƙaramar waya mai maɓalli, a nemi wadda ke karɓar katin ajiya kuma take iya kwafe lambobi a kansa, a gwada hakan tun a shago.

Sai dai asusun ma yana da nasa tarkon, kuma kusan kowa ya taɓa faɗawa ciki. Ranar da aka sayi waya, yaron shago ne yake buɗe asusun cikin gaggawa, ya ƙirƙiri suna da kalmar sirri daga kansa, wani lokaci ma ya sa lambarsa a matsayin ta farfaɗowa, mai waya kuma ya karɓa ya yi godiya ya tafi. Bayan shekara biyu waya ta lalace, lambobin suna nan lafiya lau a asusun, amma babu wanda ya san mabuɗin, yaron kuma ya bar shagon tuni. Kada a tashi daga wurin sai an rubuta sunan asusun da kalmar sirrin a takarda, an tabbatar lambar mai wayar ce aka sa, sannan a isa gida a canza kalmar, a ajiye takardar inda ake ajiye takardun haihuwa da na fili. Kuma tunda za a zuba asirin kasuwanci da bashin mutane a ciki, a sa wa wayar kulle na lambobi da ba shekarar haihuwa ba.

Akwai wani ƙaramin abu da ƴan kasuwa masu tafiya ke mantawa, shi ne rubuta lamba tare da lambar ƙasa. Lambobin Nijar guda 8 ne, kuma idan aka ajiye su da +227 a gaba, za su yi aiki ko mutum yana Kano ko Akara. Haka na Najeriya da +234, na Gana da +233.

Batir shi ne abu na gaba, kuma a ƙasarmu batun batir batun zafi ne. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Tawa da Yamai, batirin waya kuwa zafi ne babban abokin gabarsa, yana rage masa ƙarfi har ya kumbura ya ɗaga murfin baya. A daidai wannan lokaci ne kuma aka fi ɗauke wuta. Na'urar da ke mutuwa kafin la'asar ba za ta tuna wa kowa alƙawarin magariba ba. A wayar Android a nemi batir mai kusan 5000 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), wanda yanzu ake samu ko a masu araha na Tecno da Itel da Infinix, waɗanda dukansu na kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin, Transsion. Bayan saye, kada a bar ta a gaban mota ko a kan teburin da rana ke duka, kada a yi caji a ƙarƙashin matashi, kuma batirin da ya kumbura a canza shi nan take. A duba bakin cajar ma, domin kayan da suka shigo ta Najeriya sukan zo da caja mai ƙafa uku masu faɗi, alhali yawancin gidajenmu ramuka biyu ne masu zagaye.

Lambobin da ke jikin kwali suna ruɗar mutane sosai. Idan aka ga an rubuta giga 4 amma da ƙaramin rubutu “2+2”, ma'anarsa ƙwaƙwalwar aiki ta gaskiya 2 ce, sauran biyun aro ne daga wurin ajiya, kuma ba su kai ta asali sauri ba. Wurin ajiyar ma ba duka ne na mai waya ba, tsarin wayar yana cinye kaso mai yawa tun kafin a ɗauki hoto ɗaya. Ga mai ajiye lambobi da kalanda da rubutu wannan ba babbar matsala ba ce, domin rubutu ba ya cin wuri, bidiyon da ke sauka da kansa daga rukunonin WhatsApp ne ke cika waya har ta soma nauyi, kuma ana iya kashe saukar tasa a cikin saituna. Abin da ya fi muhimmanci shi ne shekarun tsarin Android ɗin. Tun watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5, kuma irin wannan yankewa ba ta tsayawa, don haka tsohuwar waya mai kyan jiki tana iya zama ta kusa ƙarshen amfaninta.

Ba na hana sayen okaziyon, wato wayar da wani ya riga ya yi amfani da ita, domin sau da yawa tsohuwa mai ƙwari ta fi sabuwa marar asali, kuma Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Amma akwai gwaji uku da ba a tsallakewa. A danna *#06# a ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai lambobi 15, a gwada ta da wadda ke jikin kwali ko takardar saye. A sa layin mai saye a yi kira, domin wasu wayoyin da aka kawo daga Turai ko Amurka a kulle suke ga kamfanin sadarwa ɗaya na can. Sannan a sa mai sayarwa ya cire asusunsa, ya goge wayar a gaban mai saye, a kunna ta har ta buɗe, saboda wayar da aka goge ba tare da an cire asusun ba za ta tsaya tana neman kalmar sirrin tsohon mai ita. Wanda ya ƙi yarda da wannan gwaji, a bar masa kayansa.

Kafin a biya, a fita da wayar bakin ƙofar shago a duba ko ana ganin rubutu a cikin rana, domin gilashin da ke haske a inuwa yana iya zama baƙi ƙirin a filin kasuwa. A rubuta cikakkiyar jimla da Hausa a ga ko yatsa yana samun haruffa, kuma a sani cewa allon rubutu na Gboard yana da Hausa da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ana ƙara ta a cikin saituna. A duba tsarin kwanan wata: mu da muka saba da tsarin Faransanci rana muke fara rubutawa sannan wata, wayar da aka saita da Ingilishin Amurka kuwa wata take farawa da shi, ta yadda 05/06 zai zama 6 ga Mayu a wurinta alhali mai ita 5 ga Yuni yake nufi. Ga tela ko mai bin bashi wannan bambancin wata guda ne cur. A saita ƙararrawa ta minti biyu a ji ƙarfinta, a tuna cewa a cikin hayaniyar tasha ne ake bukatar a ji ta.

Kuɗin ma ana kuskuren lissafa shi. Wanda ke da jikka 40 kada ya zuba su duka a kan waya, ya ware na riga da gilashin kariya, da caja mai kyau idan ta cikin kwalin ba ta da ƙarfi, da ɗan abin sayen intanet na wata-wata don ajiyar ta riƙa hawa. Katin ajiya kuma a saye shi a wurin da za a iya komawa, domin akwai na jabu masu nuna babban wuri alhali ƙarami ne, suna karɓar abu su lalata shi ba tare da sun nuna alama ba. A karɓi takardar saye mai ɗauke da lambar IMEI da kwanakin garanti, ko da mai shagon ɗan'uwa ne.

Kawu yanzu yana riƙe da wayar Android mai sauƙin kuɗi, lambobinsa suna cikin asusun da ƴarsa ta buɗe masa a gabansa, takardar kalmar sirrin kuma tana cikin akwatin ƙarfen da yake ajiye takardun gona. Duk ranar Juma'ar ƙarshen wata, bayan an sauko daga masallaci, yakan zauna a zaure da wani littafi mai baƙin bango, ƴar tana karanto masa bashin da ke cikin wayar suna bayan suna, shi kuma yana kwafewa da biro, yana soke waɗanda suka biya.