Yadda Ake Horar Da Malaman Ƙaramar Sakandare Su Koyar Da Falaki Da Kimiyyar Ƙasa Ta Hanyar Bincike

Galibin bitar da ake shirya wa malamai kan koyarwa ta hanyar bincike, da lacca ake yin ta. Mai horarwa ya tsaya gaban majigi awa uku yana bayanin illar lacca, malamai suna kwafa, ranar Litinin kowa ya koma aji ya ci gaba da abin da ya saba. Malamin da bai taɓa shiga ruɗani ya fita da ƙoƙarin kansa ba, da wuya ya ƙyale yaro ya yi hakan. Saboda haka a wannan tsari malaman ne ɗalibai tun daga farko, sai can ƙarshe za a yi maganar dabarun koyarwa.

Fara mako biyu kafin ranar bita

Wata ne zai tsayar maka da ranar taro. Ka lissafa yadda bitar za ta faɗo bayan wata ya cika, sannan tun daga ganin jinjirinsa ka aika wa kowane malami aiki guda: kullum bayan faɗuwar rana, a wuri ɗaya kuma a lokaci ɗaya, ya zana siffar wata da inda yake. Ya ɗauki wata bishiya ko rufin gini a matsayin alama, ya miƙe hannu ya auna da dunƙulen hannunsa, wanda ke rufe kusan digiri 10 na sararin sama. Zai tarar wata yana matsawa gabas da kusan digiri 13 a kowace rana, amma kada ka faɗa masa. Ranar da gajimare ya rufe, ya rubuta "gajimare" kawai. Takardar da ta zo tsaf, kowane dare da zanensa mai kyau, yawanci daga waya aka kwafo ta.

Kada a kashe kuɗin bita kan babban madubin hangen nesa. Akan saye shi, a ɗauki hoto da shi, ya ƙare a kwali. Watanni huɗu masu zagaya duniyar Mushtari, waɗanda masanin falaki Galileo ya gani a 1610, ƙaramin madubi mai ido biyu yana nuna su idan hannu bai rawa ba. Manhajar Stellarium, mai nuna taswirar sararin sama a kwamfuta, kyauta ce kuma tana da kyau, sai dai ni ba na barin a buɗe ta sai an gama kallo da ido.

Safiyar farko

Raba takardu, kowa ya amsa tambaya biyu ba tare da rubuta suna ba: me ya sa siffar wata take canzawa, kuma me ke kawo lokacin zafi da na sanyi? Rashin sunan nan dole ne. Malami mai shekara ashirin a aji ba zai yarda ya yi kuskure a gaban wanda ya fara aiki bara ba. Za ka ga amsoshi biyu suna ta maimaituwa: inuwar duniya ce take rufe wata, kuma zafi yana zuwa ne idan duniya ta matso kusa da rana. Duka biyun ba daidai ba ne. Ka manna takardun a bango, ka wuce ba tare da ka gyara komai ba.

Ɗaki mai duhu, inda abin ya fi lalacewa

A rufe tagogi sosai, a kunna ƙwan fitila guda marar murfi a tsakiyar ɗaki. Fitila biyu ko hasken da ke shigowa ta ƙofa sun isa su ɓata aikin gaba ɗaya. Kowane malami ya riƙe farar ƙwallo a kan tsinke. Fitilar ita ce rana, ƙwallon wata, kansa kuma duniya. Aikinsu shi ne su fito da siffofin da suka zana cikin mako biyun nan, bi da bi, yadda suka gan su.

Minti goman farko hayaniya ce kawai. Wani yana zagaya fitilar, wata malama ta ɗaga ƙwallo sama tana kallon maƙwabciyarta. A nan sabon mai horarwa yake kasa jurewa, sai ya ce, "Bari in nuna muku." Da ya faɗi haka bita ta ƙare, ko da saura kwana uku, domin ya koya musu cewa idan yara suka rikice, malami ya karɓe ƙwallon.

Abin da za ka yi shi ne ka matsa kusa da wanda ya tsaya a kan maganar inuwa. Zai juya wa fitila baya, ya sa ƙwallon a inuwar kansa, ya ce ga shi nan wata ya yi duhu. Ka ce masa, "Malam, duba takardarka. Ranar da ka ga jinjirin wata, ina yake, ina kuma rana ta faɗi?" Zai ce duk a yamma, kusa da juna. "To a lokacin ina inuwar duniya take?" Daga nan ka kama bakinka. Zai ɗan daɗe yana kallon takardar, sannan ya juyo ya fuskanci fitila, ya kawo ƙwallon kusa da ita, sai ga siririn haske a gefenta, inuwar kansa kuwa tana can bayansa. Sau da yawa wata malama ta kusa ce za ta riga shi: "Malam, ai abin da ka yi ɗazu husufi ne!" Haka ne kuwa, amma ka bari su biyun su ƙarasa gardamar.

Shirun nan ba ƙaramin abu ba ne. Mary Budd Rowe, wadda ta yi bincike kan azuzuwan kimiyya a Amurka, ta gano a shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan suka kai jiran daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara sukan yi tsawo, waɗanda ba sa magana ma su fara. Ka ƙirga a zuci har biyar. Za ka ji kamar an yi shekara.

Tambayar da za ta biyo baya tabbas ita ce, in haka ne me ya sa ba a yin husufi kowane wata? Fito da ƙwallon ƙafa a matsayin duniya da ƙwallon tanis a matsayin wata, ka ce su ajiye su a tazarar da suke zato. Kusan kowa zai ajiye su taku ɗaya ko biyu, kamar yadda littattafai ke zanawa. Ainihin nisan kusan kilomita 384,000 ne, wato faɗin duniya sau 30, kusan mita bakwai ke nan a wannan ma'auni. Idan suka ga wannan tazara, aka kuma ce hanyar wata ta karkace da kusan digiri 5, da kansu za su ga yadda inuwar ke kuskure shi.

Zafi da sanyi, da inuwar sanda

A nan lambobi biyu za ka ba su. A farkon Janairu duniya tana kusan kilomita miliyan 147 daga rana, a farkon Yuli kuma miliyan 152. Ƙara musu da cewa lokacin da Turai ke cikin dusar ƙanƙara, Ostareliya zafi take sha. Ka mayar da su kan takardun bango. Sannan tocila, takarda mai layukan murabba'i, da taswirar duniya ta ƙwallo wadda ta karkace da digiri 23.5: su haska a miƙe, su haska a karkace, su ƙirga gidajen da hasken ya baje a kai.

Da tsakar rana a fita a kafa sanda a auna inuwarta. Da irin wannan awo Eratostin, wani masanin Girka, ya lissafa kewayen duniya fiye da shekara 2,200 da suka wuce, bayan ya ga bambancin kusan digiri 7 a kusurwar inuwa tsakanin Iskandariya da garin da yanzu ake kira Aswan, a Masar. Ka nanata cewa inuwa ake kallo, ba a ɗaga ido a kalli rana ko da ta baƙin gilashi.

Kimiyyar ƙasa

Salon duk ɗaya ne, ba sai na ja ba. A yanka nahiyoyi daga taswira, a sa alamar wuraren da aka samu ƙasusuwan dabbar Mesosaurus a Brazil da kudancin Afirka, su gwada haɗawa. Ka ba su labarin masanin Jamus Alfred Wegener, wanda a 1912 ya ce nahiyoyi suna motsi, aka ƙi yarda da shi don bai iya nuna abin da ke tura su ba, sai a shekarun 1960 binciken ƙasan teku ya gaskata shi. Su yi gardama ko masu ƙin suna da hujja a lokacin. Duwatsu kuma a zube su a tebur, su kasa su da ƙa'idar kansu kafin a kawo sunayen littafi.

Rana ta ƙarshe da bayanta

Kowane rukuni ya koyar da darasi na minti ashirin, sauran su zama yara, mutum ɗaya ya zauna a gefe yana lissafin tambayoyin da malamin ya yi ya kuma amsa da kansa. Za su yi ƙorafin manhajar karatu ta yi yawa, lokaci ba ya isa. Gaskiyarsu ce. Su zaɓi darasi biyu ko uku a zango su yi su ta wannan hanya, sauran su bi yadda suka saba. Bayan wata ɗaya ka je ajin kowannensu ka zauna a baya, ko ka haɗa su biyu-biyu su riƙa shiga ajin juna, kowa ya zo taro na gaba da zanen watan da ɗalibansa suka yi.