Yadda za ka hana bireka faɗuwa a motar tafi-da-gidanka

A sansanonin shaƙatawa na Amurka, inda ake ajiye motocin da ke da ɗakin kwana da kicin a ciki, kowace mota tana jan wuta daga wani ɗan turke mai soket. Yawanci ana samun layin amp 30 ko na amp 50, a kan volt 120. Layin amp 30 iyakarsa wat 3,600. Na amp 50 kuwa layi biyu ne a haɗe, shi ya sa yake kai wat 12,000. Mai amp 30 shi ne ke shan wahalar faɗuwar bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan lodi ya yi yawa, don haka a kansa za mu tsaya.

Fara da lissafi. Duba bayan kowace na'ura ka ga wat ɗinta, ka raba da 120, abin da ya fito shi ne amp ɗin da take ci. Butar lantarki mai wat 1,500 tana cin amp 12.5. Wanda ya saba da wutar Najeriya mai volt 230 ya kula, a Najeriya irin wannan butar kusan rabin haka take ci. Eyakandishan na rufin mota yana cin amp 12 zuwa 15 yana aiki, kuma lokacin da kwamfuresa ke tashi yakan ja ninkin haka ko fiye na ɗan daƙiƙa. Hitar ruwan wanka kusan 12, maikurowef 10 zuwa 13. Akwai kuma ɓarawon da ba a gani: cajar batir da ke ɓoye a ƙarƙashin allon wuta, wadda kan ci amp da dama idan batir ya yi ƙasa.

Kada lodin da zai daɗe a kunne ya wuce amp 24, wato kashi 80 cikin 100 na amp 30. Bireka da zafi take aiki, tana iya jure lodi na mintuna kafin ta faɗi, shi ya sa mutum kan rantse bai kunna komai ba. Manyan na'urori biyu kacal a lokaci guda. In eyakandishan na aiki, mayar da hita da firij kan gas, in kuma hita na kan lantarki, ka kashe ta kafin ka kunna maikurowef.

In wuta ta ɗauke, kashe manyan kaya tukuna. Duba allon cikin mota, sannan birekar turke a waje. Wadda ta faɗi takan tsaya a tsakiya; tura ta ƙasa gaba ɗaya har ka ji ƙas, sannan ka ɗaga. In soket na banɗaki da kicin kaɗai suka mutu, nemi soket mai maɓalli biyu a fuskarsa ka danna na maido da wuta. Shi ba lodi ke kashe shi ba, ruwa ne ko yoyon wuta.

Bireka da ta sake faɗuwa nan take ba tare da lodi ba, waya ce ta haɗu a wani wuri. Bar ta a kashe, ka kira mai gyara, kuma kada ka taɓa sa babba a madadinta, wayar bango ce za ta ƙone. Taɓa filogi da bayan hannu: in ya yi zafi ko haƙoransa sun yi baƙi, canza shi. Da rana tsaka kowa ya kunna sanyi, wutar sansani takan yi ƙasa. In mita ta nuna ƙasa da volt 108, kashe eyakandishan har ta dawo.